Rubutun da Ke Kan Taswirar Nawa Ne

Zuwa ga ƙanena Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da rai, ko da ta bakin wanda zai karanta maka ita ne. Yau kwana ashirin da uku ke nan da aka sauke ka daga mota a hanyar Baleyara. Inna tana nan, abinci sai an yi da gaske take ci. Ni kuma ina zuwa lakwal ina koyarwa, amma rabin hankalina ba ya cikin aji.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Yamai da abin wasan nan na hannu, mai gilashin da ake taɓawa da ɗan tsinken roba? Na yi maka dariya har da riƙe ciki. Ƙato da kai, mai gemu, mai yi wa shanun Kurfai allura, ka zauna kana tsokanar gilashi. Ka miƙo mini kana cewa, "Yaya, taɓa dai ki gani." Ba a yi mako guda ba na fi ka zaƙewa.

Labarin ciki ne ya kama ni. Aljanu sun sace ruwan sama sun ɓoye, wata mafarauciya tana bin gari gari tana nemansa. In ka ja tsinken ta yi tafiya, in ka karta gilashin ta sari dodo. Sai dai rubutun ciki ba Faransanci ba ne, mun kasa karanta sunayen garuruwan, kullum muna ɓata hanya.

Kai ka gano ana iya rubutu a kan taswirar wasan. Ka ce, "Sa musu sunayen garuruwanmu, mu huta." Garin da ke da kasuwa na sa masa Baleyara, mai duwatsu Damana, mai rumbunan hatsi Tabla. Da na tsaya nan da sauƙi, amma ka san halina, ba na barin takarda ba gyara. Duk rijiyar da dodanni ke fitowa na yi mata alama da ja. Wani wuri na rubuta, "Nan suke ɓuya, su tara." Wani wurin kuma, "A biyo ta baya, ba mai gadi."

Direban motarku ne ya zo ya faɗa mana yadda aka yi. Da rana tsaka masu babura suka tare ku, kana dawowa daga duba shanu a kasuwar Lahadi. Sun bincika wayarka ba su ga komai ba. A jakar allurarka suka ci karo da abin wasan, suka sa ka kunna, taswirar ta bayyana. Ɗaya daga cikinsu ya iya boko, ya karanta da ƙarfi. Ka miƙa hannu za ka taɓa gilashin don dodon ya fito su gani, aka buge hannun da gindin bindiga. Maganar direban har yau tana kunnena: "Malama, ya ce musu wasa ne, sunka ce wane irin wasa ka ƙidaya mutane bakin rijiya."

Na ji, na gane, na kuma yi shiru. Na bar Inna da dangi suna zaton aikin gwamnatin da kake yi ne ya jawo. Tsoro ne ya kama ni, Isuhu, ba wani abu ba. Ko babur ya wuce bayan katangar lakwal sai in ajiye allin in leƙa ta taga.

Shekaranjiya wani makiyayi da kake duba wa garke ya aiko da saƙo. Ya ce kana da rai. Ya ce suna tambayarka wa ya rubuta, kai kuma ka dage kai ne. Sai suka ba ka kara suka ce ka rubuta Damana a ƙasa. Kai da rubutunka kamar kaza ta yi tono! Ba su ga kama ba, yanzu sun tabbata akwai wanda ya aiko ka kana ɓoye shi, kuma sun ce haƙurinsu ya kusa ƙarewa.

Ina jin haushinka ƙwarai. Wa ya ce ka rufa mini asiri da ranka? Ni na goya ka, ba kai ka goya ni ba.

Shi ya sa da hannuna na rubuta wannan takarda, da jan biro, zan kuma ɗauki hotonta in sa a intanet inda kowa zai gani. Ka ce su ɗora ta kusa da gilashin su gwada. Su dubi yadda nake lanƙwasa D ɗina. Ni ce Balkisa, malamar aji uku a Filinge, ban taɓa kai wa kowa rahoton kowa ba. Taran da na ƙidaya dodanni ne masu ƙaho da wutsiya, ba 'yan Adam ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batirin. Ba ya wuce yini biyu, kuma cajar waya ba ta shiga bakinsa. Tasa tana nan rataye a ƙusar ɗakinka. Wato tuni gilashin ya yi baƙi a hannunsu, ba abin da ya rage musu sai abin da suka tuna sun karanta.

Ɗazu bayan la'asar na faɗa wa Inna komai. Ta dube ni ta ce, "Ɗaya sunka ɗauka, yanzu biyu kike so in rasa?" Amma ranar Lahadi zan shiga motar direban nan da cajar a jakata don gilashin ya sake kunnuwa su gwada rubutun, mu bi hanyar da kuka bi, a lokacin da kuka bi ta. Na ce masa in sun tsayar da mu kada ya yi gudu.

Allah ya tsare mini kai, ɗan ƙanena. Allah ya sanyaya zukatan waɗanda kake hannunsu, ya ba su haƙurin kwana biyar. In an sake tambayarka kafin nan, don girman Allah ka faɗi sunana.

Yayarka,
Balkisa