Kujerar Sama Ba Kowa

Nanjing, 9 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana Tao Desheng,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya gwiwar taka? Ka gaishe mini da Yaya Deming da iyalinsa, ina yi musu sannu da kamun ƙaguwa. Takarda na rubuto tunda ka rantse ba za ka ɗaga waya ba.

Yau kwana goma sha ɗaya masaƙarmu a tsaye. Shekara talatin da ɗaya kana kan kujerar saman masaƙar kana jan igiyoyin da ke fitar da zane, ina ƙasa ina jefa ƙoshiya, ba ta taɓa yin ƙura ba, sai da na karɓi aikin rigunan wayar hannu daga wani kamfani ka tattara ka tafi ƙauye. Wai saƙar da sarakuna suka sa ba za ta koma aljihun wando a riƙa zama a kanta ba. Haba Baban Xiaoyu! Sarakunan suna ina? Bara kaf mutum nawa suka shigo suka taɓa alharininmu? Huɗu, biyu ma ruwa ne ya koro su.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ɗaci. Na ba masu kamfanin ragowar yadi mai hoton ɗawisu da muka saƙa da bazara su gwada. Suka manna shi a bayan waya, suka huda gurbin kyamara, ramin ya faɗa daidai kan tsuntsun. Ɗawisu ba kai, Desheng! Ga zaren zinare yana ta warwarewa a bakin ramin. Na shiga bayan masaƙa na yi kukana. A nan kam ka fi ni gaskiya, kar kuma kanka ya kumbura.

Ka riƙa sa rigar sanyi in za ka bakin ruwa.

Taka har kullum,
Qiao Wenlan

Nanjing, 24 ga Oktoba

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan jiki da sauƙi, amsarka ta iso: kwandon ƙaguwa, ko layi ɗaya babu. Na cinye, na gode.

To ka saurara. Na ce musu almakashinsu ba zai sake taɓa zanena ba. Na auna wayar, na zauna mako biyu ina ƙulla sababbin igiyoyin zane, ƙulli bayan ƙulli, har yatsuna suka sage. Yanzu kusurwar kyamara fili ce, ba zinare ba ado, tsuntsun ya lanƙwasa wuya ya kewaye ta kamar mai leƙa rijiya. Ko malaminmu bai taɓa ƙulla zane ƙarami haka ba. Wanda zai ce yabon kai ne ya ce, ni na yi, kuma ya yi.

Sai dai har yanzu a igiya yake, ba wanda ya gan shi. Na roƙi Tsoho Fang, abokin sana'armu, ya hau kujerarka. Mutumin kirki ne, amma kafin in buga ya ja, in na jira shi kuma sai in ji yana gyangyaɗi. Yini guda muka yi muna ɓarnar zare. Kai kuwa numfashina kawai kake ji ka san lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka fi ni sani.

Masu ɗakin saƙa sun ce in wata ya ƙare ba a ji ƙarar masaƙar ba, za su kwance ta su kai gidan tarihi, a kewaye ta da igiya ana ɗaukar ta hoto. Ba zan roƙe ka ba. Ina dai gaya maka gidan ya yi mini faɗi, kuma ina kewarka.

Matarka,
Wenlan

Nanjing, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Guixiang, uwargidan Yaya Deming,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ke da Yaya da jikoki kuna lafiya. Na san hankalinki ya tashi da ƙanin mijinki ya fita ba sallama. Yana nan wurina.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, ina zaune gaban masaƙa na rafka tagumi, sai na ji tsani yana ƙara. Desheng ne, ko gaishe ni bai yi ba. Ya haye kujerarsa, ya bi igiyoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe, sannan ya leƙo ya ce, “Wa ya ƙulla wannan wuyan?” Na ce, “Matar da ka gudu ka bari.” Ya ce, “Hm. To me kike jira, tsohuwa? Jefa mana!”

Kwana uku muka yi, kullum faɗin yatsu uku, rigunan waya guda takwas a jere. Kin san a kife muke saƙa, bayan kawai nake gani. Sai da muka sauke muka juya na gan su. Ɗawisu takwas, kowanne da kansa, kore da zinare suna wal-wal. Aka huda gurbin kyamara a gabanmu, ko gashi ɗaya na tsuntsun bai taɓu ba.

Kin san abin da mutumin naki ya yi? Ya ɗauki ɗaya ya bi layinmu da shi, tun daga mai gasa agwagwa har mai gyaran keke, yana cewa, “Ku duba da kyau, matata ce ta ƙulla.” Shi da ko miyata bai taɓa yabawa ba! Ina daga bakin ƙofa ina jin sa, na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Masaƙa tana nan inda take, yanzu haka ma yana sama yana buga ƙafa wai na daɗe. Ki haɗa kayansa ki ba direban motar Asabar. Ɗakin da kuka share masa kuma ku mayar da buhunanku, ba zai dawo ba.

Ƙanwarki,
Wenlan