Gangar Coci a Filin Ƙwallo

Goggo Wasila, ki taimake ni don Allah. Na shiga uku, kuma da ƙafata na shiga.

Zan ɓoye sunana, ko da yake duk faɗin Dubai mutum ɗaya ne ke hawa bas da ganga a kafaɗa. Ni mutumin Kafanchan ne, shekara tara ina gyaran AC a wata masana'anta a Dubai Investments Park. Karatuna a aji biyar na firamare ya rasu, aka binne shi ba wanda ya yi kuka. In kin ga kuskure a takardar nan, laifin waya ne.

Ɗana Harrison yana wata kwaleji a nan, yana karatun da ban iya faɗin sunansa ba, kuma yana ƙungiyar ƙwallon makarantar. Na ce yana ƙungiya, amma benci ya fi ciyawa saninsa. Wasa uku na farko a kakar bana lallasa su aka yi: huɗu da nema, uku da ɗaya, na ukun kuwa na daina ƙirgawa saboda hawan jini. Ga filin tsit kamar ana jarrabawa, iyaye suna tafi da yatsu bibbiyu.

To, a wurinmu Juma'a ce hutu, ita ce ranar sujadarmu. Ni ne makaɗin cocinmu na masu jin Hausa. Gangar ɗaya ce tak, daga gida aka kawo ta, kuma a wurina take zama, don ɗakin sujadar ba namu kaɗai ba ne, muna fita 'yan Filifin ke shiga. Sujada da safe, ƙwallo da la'asar, matata Louisa kuma tana aikin yamma a asibiti. Wata Juma'a Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai gangar ma tana son shan iska.

Goggo, na kai ta fili na kaɗa, a ranar muka ci biyu da nema. Daga nan wasa shida, har da na ranar, ba mu faɗi ko ɗaya ba. Kocinsu, wani Bamisire mai tumbi irin nawa, da ya hango ni sai maraba da Larabci, yalla habibi, har kujera yake sa a kawo mini. Yara 'yan Sudan da 'yan Pakistan suna ta tiƙar rawa da kiɗan da muka yabi Ubangiji da shi da safe, ba su sani ba. Ni dai ina gaya wa zuciyata bishara nake yaɗawa. A coci ba wanda ya sani. Louisa ta taɓa tambayata me ya sa fatar gangar ke saurin saki, na ce zafin ƙasar ne.

Ga inda ta ɓaci. Mun kai wasan ƙarshe, Juma'a ta sama, kuma an dawo da shi ƙarfe tara na safe, daidai lokacin bikin godiyarmu na shekara. Zumuntar mata sun yi wata biyu suna koyon waƙa, Louisa ce mai bayarwa, har anko an ɗinka. Sannan mai tsaron bayansu ya gurɗe, koci ya ce Harrison zai fara wasa, karo na farko ke nan. Na tambayi yaron ko in zo da ganga, ya ce duk yadda na gani. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ko da yake na lura in muka hau bas can nesa yake zama, kamar bai taɓa ganina ba.

Na yi tunanin in ce gangar ta fashe. Na yi tunanin zazzaɓi, sai na tuna inda uwargida ke aiki. In na je coci aka ci su, koci zai ce ni ne. In na je fili da gangar, ni da Louisa khalas, an gama. Ina zan kai kaina, ina zan kai gangar?

Makaɗin Juma'a, Dubai

Baban Harrison,

Ka ba ni dariya, amma tambayarka biyu ce ka ɗaure wuri ɗaya. Ta gangar mai sauƙi ce: ba taka ba ce, amana aka ba ka. Ranar bikin godiya gangar tana coci. Ni ba 'yar coci ba ce, amma na san ko'ina haka ake yi da amana.

Ta biyun ta fi nauyi. Matan nan sun sha wahalar koyon waƙa, bai kamata a bar su ba kiɗa ba. Sai dai bikin godiya yana dawowa baɗi, wasan farko na ɗanka kuwa sau ɗaya ne. Saboda haka ka zaunar da Louisa yau, ka faɗa mata komai, har batun fatar gangar. Za ka sha faɗa, ka kuma cancanta. Amma kada ka manta ita ma ɗanta ne. Sannan ku je wurin dattawan coci, ka nemi gafara, ka nemi izini, ka yi kwanakin da suka rage kana koya wa wata a cikin matan kiɗan. Na san zumuntar mata a Kaduna, da kansu suke kiɗansu, ban taɓa jin sun tsaya jiran namiji ba.

Koci kuwa, ka bar shi ya yi aikinsa. Ganga ba ta taɓa tare ƙwallo ba, yaran nan ne suka gyara wasansu.

Abu ɗaya na lura. Ka ba ni labarin kujera da rawa da tumbin koci, ban ji yadda Harrison yake ji ba, shi da ya yi wasa tara a benci, shida daga ciki yana kallon ana tafa wa ubansa. Yaron da ya ce duk yadda ka gani, ga shi yana zama nesa da kai a bas, ai ya riga ya ba ka amsa cikin ladabi. Ka je hannu rabbana, ba ganga, ka zauna cikin iyaye, ka bar ranar ta zama tasa.

Allah ya ba su kofi, ya sanyaya zuciyar Louisa, ya sa faɗan bai wuce kwana biyu ba.

Goggo Wasila