Tambayar Falmata

Laraba da dare, Gashuwa

Yau na karanta wa ɗalibaina tsohon wasan kwaikwayon Turawan nan, inda sarkin yaƙi ya kashe matarsa saboda an hure masa kunne kan hankici. Falmata ta ɗaga hannu: "Malam, me ya hana shi ya saurare ta?"

Na ce kishi ne, na juya ina goge allo don kada su ga fuskata.

Wata biyu ke nan da na aika wa matata Hajara takardar saki can garinsu Jakusko, kan maganar da abokina Bukar ya faɗa mini. Ban ji ta bakinta ba. Iddarta ta kusa cika. Motar Jakusko tana tashi bayan asuba, amma da wane ido zan kalli mahaifinta?