Allura a Katifar Gado na Shida

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa benen makarantar nan da tulin littattafan ɗalibai kamar 'yar shekara ashirin. Mu nan lafiya, in dai ba a sa gajiya cikin jerin cututtuka ba.

Kin yi ƙorafin na daina ɗaukar wayarki. Kin yi gaskiya. Maganar ce bakina ya ƙi ɗauka, shi ya sa na koma takarda.

Kin san ɗakin maza da nake aiki, gado ashirin da takwas ne. Tun da abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa ni kaɗai ce nas daga safe har yamma. Kwalin da muke jefa allurar da aka yi aiki da ita guda ɗaya ne, can bakin ƙofa, kuma kullum a cike yake har yana aman abin da ke cikinsa. Don haka muna da wata ɗabi'a da ba a koyar da ita a makaranta. In ka zare allura daga hannun majinyaci, sai ka caka ta a gefen katifa, ka manna filasta da hannu biyu, sannan ka cire ta ka kai kwali. An hana. Ni kaina ina yi wa sababbi faɗa a kai. Amma sabo turken wawa, shekara goma sha ɗaya ina yi.

Litinin ta makon jiya na ɗebi jinin mutumin gado na shida. Ciwon hanta gare shi, irin mai ƙwayar cuta da ake ɗauka ta jini, an ma ja layi da jan biro a fayil ɗinsa. Na caka allurar a katifa ke nan sai wani dattijo a gado na ashirin ya yanke jiki ya faɗi. Na ruga. Kafin in gama da shi an kai mai gado na shida hoto, an yaye zannuwan gado. Ban tuna da allurar ba sai a cikin mota, ina tsaye ina riƙe da ƙarfe. Ban koma ba. Na ce wa kaina gobe na duba. Washegari na shafa katifar ban ji komai ba, na ce ai wani ya cire, na ja bakina na yi shiru.

Kin tuna Gwaggo mai wanki, wadda kika ce tana dariya kamar ana kwankwasa tukunya? Ita ke tura keken zannuwa zuwa ɗakin wanki, ita ke warware su. Jiya Laraba na ga yatsanta a naɗe da tsumma. Na tambaye ta, ta yi dariyar nan tata, wai ƙayar sana'a ce, allura ce ta gaishe ta a cikin zani. Na ce yaushe, ta ce Litinin waccan da yamma.

Yaya, kwana tara ke nan. Allurata ce. Ban faɗa wa kowa ba, ko Baban yara. Ki sa ni a addu'a, ki sa Gwaggo kafin ni.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na samu amsarki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Yara suna gaishe ki, ƙaramar ta ce har yanzu tana jiran ɗankwalin da kika yi mata alkawari tun tana rarrafe.

Kin ce in faɗi gaskiya in huta. Daga bakinki abu ne mai sauƙi, malamar makaranta. Bari ki ji yadda aka yi.

Na ja Gwaggo zuwa wurin likitan ma'aikata, tana tirjewa wai injin wanki na jiranta. Likita ya ce in ciwon hanta ne ke jikin allurar, akwai wata allura da ake yi wa mutum ta tare ƙwayar cutar, amma a ranar farko ta fi aiki, in ta wuce mako kuwa ihu ne bayan hari. Ya tambaye ta ko an taɓa yi mata rigakafi. Ba a taɓa ba. Mu nas-nas da likitoci an yi mana har sau uku, su kuwa masu wanki da shara a ƙarƙashin ɗan kwangila suke, sunansu ba ya cikin jerin ma'aikatan lafiya. Shekara goma sha tara tana dama jininmu da na majinyata da safar hannu mai kaurin ledar burodi, amma a takarda ita ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Ya dai fara mata rigakafin, ya sa aka gwada jininta. Ya fito fes. Ni ce kaɗai ban yi murna ba, don na san ma'anarsa: duk abin da ya bayyana nan gaba, daga allurata ya zo.

Sai aka zo cika takardar rahoto. Gwaggo ba ta rubutu, ni aka miƙa wa biro. Akwai layin da ke tambayar daga wane ɗaki allurar ta fito. Ta ce ita ina za ta sani, zannuwan asibiti duk a cakuɗe suke zuwa. Na rubuta da hannuna cewa ba a sani ba. Ko tsayawa tunani ban yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kin san tun bara ina da takardar gargaɗi a fayil, ta maganin da na ba da a makare. In aka ƙara ta biyu dakatarwa ce, wataƙila ma lasisin ya tafi. Shugabarmu ta tara mu ta yi faɗa a kan caka allura a katifa, kowa ya sunkuyar da kai don kowa na yi. Ni kuwa mai kaza a aljihu, duk sanda ta kalli ɓangarena sai in kau da kai. Bayan taron aka ƙara mana kwali ɗaya. Nas ba a ƙara ba.

Likita ya ce sai an jira wata biyu zuwa uku. Kullum da safe Gwaggo na shigowa da kekenta tana ce min 'yar gari kin yi kyau, ni kuma idonta nake leƙawa in ga ko ya canza launi. Na gaji, Yaya. Ina kwanciya da gajiya in tashi da wadda ta fi ta.

A gaida maigidan.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun wata biyu da rabi, da kuma gajeriyar gaisuwa.

Ta kamu. Makon jiya ta fara amai da kasala, idonta ya yi rawaya, gwaji ya tabbatar. Likita ya ce yawancin manya jikinsu na korar cutar da kansa, amma shekarunta sun ja, hantar kuma ta sha wuya. Sai nan da wata shida za a san inda aka dosa. An ce ta zauna a gida, an riga an sa wata a kan kekenta.

Jiya da la'asar na je wurinta. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu, gado da tabarma da akwatin ƙarfe, komai a goge a ninke, har tsummokaran. Ta rame sosai. Da ta gan ni ta fara neman abin da za ta shimfiɗa min. Na ce ta bari. Na durƙusa a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga gado na shida har zuwa motar da na tuna a ciki na ƙi komawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ban rage ko kalma ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce ai ta sani tun ranar da allurar ta soke ta. Wai zannuwa ba sa cakuɗewa, ƙarya ta yi ranar cika takarda. Kowane ɗaki da ƙullinsa, kuma a ɗakin maza ta san nas ɗaya ce ranar. Ta ji labarin takardar gargaɗina, don a ɗakin wanki ba abin da ba a ji. Ta ce ta tuna ina da yara uku, ta kuma tuna ni ce na zauna da mijinta har ya cika shekara shida da suka wuce, lokacin da kowa ya tashi aiki. Shi ya sa ta matse yatsan, ta ɗaure da tsumma, ta ƙi kai ƙara. Ita a tunaninta zafin kwana biyu ne, ba za ta tona min asiri a kan ɗan yatsa ba.

Yaya, kin gani? Kwana tara ina shiru don in tsira da aikina, ita ma kwana tara tana shiru don in tsira da aikina. Mu biyu muna gadin abu ɗaya, ba mai gadinta.

Daga nan ta yi min tambaya ɗaya. Ta ce ranar da na kai ta wurin likita ba ta gane turancinsa sosai ba, da gaske ne in da an faɗa da wuri akwai allurar da za ta hana? Na so in ce mata ba tabbas, kamar yadda muke ce wa dangin majinyata. Na ce da gaske ne, Gwaggo. Ta daɗe tana kallon yatsan, wanda ya warke ko tabo babu. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in miƙo mata ruwa, ta sha, ta juya ta fuskanci bango.

Na rubuta sabon rahoto da sunana da lambar gadon, gobe da safe zan kai wa shugabarmu. Likita ya ce in aka san ɗakin da allurar ta fito, dole asibiti ya ɗauki nauyin jinyarta. Abin da zai same ni kuma ya same ni.

In za ki ba ni amsa, don Allah kada ki ce min ƙaddara ce. Kowa zai faɗa min haka, ke ki bar ni da abina.

Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Auta