Baitin da Mama Ta Rera Ita Kaɗai

Autata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da masu jegon asibitinku. Na koma takarda ne tunda kunnena ya ƙi waya, kina magana ina ta "na'am" a banza.

Ran Lahadi na sha kunya. Mu matan mawaƙa muka tashi waƙa a gaban jama'a. Ashe an ce a bar baitin ƙarshe, ni ban ji ba. Na rufe ido yadda na saba, na ware murya na rera shi tsaf. Da na buɗe ido, kowa ya zauna sai ni. Tela, wadda muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru, ta cusa gyale a baki, jikinta na rawa don dariya.

Ba zan je coci ran Kirsimeti ba, kuma kada ki yi mini wa'azi. Na fasto ma motsin baki kawai nake gani. In na durƙusa addu'a, ji nake kamar ina ƙwanƙwasa gidan da aka tashi. Tun rasuwar babanki ban ji Allah ya yi mini nisa haka ba. Ki zo, Auta. Ko ban ji muryarki ba, zan ga fuskarki.

Mamanki

*

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na karanta takardarki a ɗakin canja kaya, na yi kuka, sannan ki gafarce ni, na ɗan yi dariya. Da ma can muryarki ta fi ta su duka, ranar dai suka samu damar ji.

Mama, ba zan samu zuwa ba. Ni ce a bakin aiki ranar, abokiyar aikina kuma ta haihu. Na roƙi babbar nas har ta daina kallona. Kewarki nake kamar me. In na ji ana waƙa a rediyon masu gadi, kicin ɗinki nake tunawa, kina wanke kwanuka kina gyara mini murya.

Ba wa'azi ba ne, aikina zan gaya miki. Jariri in ya faɗo yana tsala ihu, ba ya gane ko kalma ɗaya. Ba ma lallashinsa da magana. A ƙirjin uwarsa muke kwantar da shi, sai ya yi tsit. Ina ganin Allah ya daɗe yana magana daga sama ba mu ji ba, shi ya sa ya sauko inda za a ɗauke shi a hannu. Ki je, Mama, don Allah.

'Yarki, Auta

*

Auta,

Barka da Kirsimeti. Na san zuwan Tela aikinki ne, kada ki yi mini musu. Da safe Tela ta faɗo mini har ɗaka, idonta jawur, ta ciro zanena ta aza a gado. Na ce ba inda za ni. Ta zauna ta tuɓe takalmi, wai to ita ma.

Mun je. Da muka tashi waƙa ta kama hannuna. In za a fara ta matse, in an kai ƙarshe ta matse sau biyu. Ban ji ganga ba, ban ji kowa ba. Hannunta kawai nake ji, da ɗumi, da gumi, da kantar almakashi a yatsanta. Ana cikin baiti na biyu na san ba ni kaɗai ba ce a wurin, kuma ba Tela nake nufi ba. Hawaye ya ɓata mini hoda.

Hannuna na hagu dai ba kowa. Yaushe za su sake ki?

Mamanki