Gadon Ndolo a Bayan Mota

Nairobi, 6 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya kunnen? Ina fatan kana ɗiga maganin safe da yamma, ba sai ranar da ka tuna ba. A gaida Goggo Ndinda da mutanen Kibwezi. Tun da waya wahala take ba ka yanzu, na koma takarda. Direban bas ɗin safe zai kawo maka.

Abokin hawan dutsena Ndolo yana samun sauƙi. Wata biyar ke nan da faɗowarsa daga dutsen Lukenya, kuma har yanzu yana ƙauye wajen mahaifiyarsa, bayan Kitui. Ya ajiye sanda ɗaya, saura ɗaya. Likita ya ce zai iya doguwar tafiya, amma sai ya kwanta a miƙe kan abu mai tauri, kuma kada ya riƙa tashi daga ƙasa. Ka ga kwana a tanti ya ƙare ke nan. Haka ma ƙaramar motarmu, wadda muka shekara tara muna kwana cikinta a lanƙwashe a gindin duwatsu. Na sayar da ita, ina neman wata, shi ya sa nake son shawararka. Wanda ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota daga Mombasa zuwa Kampala ya fi dillalan titin Ngong gaya mini gaskiya.

Mu masu hawan dutse ba ma fara duba inji. Baya muke buɗewa, mu kwantar da kujeru, mu cire takalmi mu kwanta. Tun da Ndolo ba ya nan, na yanko gora daidai tsawonsa, ina yawo da ita. Dillalai har sun san ni. Wani ya tambaye ni ko kifi zan kama. Wani kuma, da ya gan ni kwance ina kallon rufin mota, ya ce, "Madam, in mijinki ne ya kore ki, ɗaki ya fi mota araha."

Ga abin da na gani. Doguwa mai ƙofa biyar ba ta shan mai, amma gorar ba ta shiga sai a karkace, kuma cikinta a ƙasa yake, hanyar dutsen Ololokwe za ta farke shi. Akori-kura mai rufi tana da ƙarfi, sai dai bayanta ya yi wa Ndolo tsawo hawa. Ƙaramar bas ta fi dacewa, amma duk wadda na gani ta gama wahala a haya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ndolo bai ce zai sake fita da ni ba. Idan na kira shi, zancen ruwan sama da abinci yake yi. Da na ambaci dutse sai ya ce cajin wayarsa ya yi ƙasa. Ban sani ba, Baba, ko motar mutum biyu nake nema ko ta mutum ɗaya.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Kalondu

Nairobi, 27 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso, har da mangwaron, na gode ƙwarai. Na ji daɗi da Goggo ta ce ka fara jin rediyo ba tare da ka tayar da maƙwabta ba.

Na bi shawararka ɗaya bayan ɗaya: mai dizal, mai giyar hannu, wadda ake samun kayan gyaranta a kowane gari, kuma kada in saurari wadda aka wanke injinta tas. Na samu a garin Athi River. Doguwar bas ce fara, cikinta ya ɗaga daga ƙasa sosai, bayanta shimfiɗe ba kujera ko ɗaya, har da labule a tagogi. Gorar ta shiga, ta bar taƙi guda. Bakanikenmu Oduor ya saurari injin, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce bai taɓa ganin motar da aka tuƙa a hankali irin wannan ba.

Dalilin shi ne motar ɗaukar gawa ce. Ta wata ƙungiyar taimakon juna ce ta coci, sun sayi sabuwa. Na san abin da za ka ce, amma na riga na saya. Oduor ya cire ƙarafunan da ake zura akwati a kai. Kafinta ya yi gadon katako daidai gwiwar Ndolo, da wurin igiyoyi da tukwane da jarkar ruwa a ƙarƙashi. An kankare rubutun, an yi mata koren fenti. Ranar Lahadi na kai ta Lukenya. Abokanmu sun yi layi suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Chebet, ta ce in na rasu ita za ta gada, wani ya ce ai motar ma ta san hanya. Aka yi ta dariya. Babu wanda ya ga komai a cikinta sai gado mai kyau.

Ka tambaye ni me ya sa na ɗauki abin nan da zafi. Zan faɗa maka yadda ya faru, don ban taɓa faɗa daidai ba. Ni ke riƙe da igiyarsa ranar. Ina saukar da shi, igiyar ta ƙare ta zame daga hannuna, saura kamar tsawon mutum uku ya taɓa ƙasa. Kowane ɗan koyo ya san ana ƙulla kan igiya don kada haka ta faru. Ban ƙulla ba, shi ma bai duba ba. Mun saba ne har muka daina dubawa. Bai taɓa zargina ba, bai kuma taɓa cewa ya wuce ba. Ban iya magana kan irin wannan ba, Baba, ka san ni. A ofis aikina gyaran rubutu ne, rage maganganun mutane, ba ƙarawa ba. Motar ita ce abin da zan iya ajiyewa a gabansa. In ya shiga, na samu amsa. In bai shiga ba, ita ma amsa ce.

Ranar Asabar zan tafi Kitui. Ban gaya masa ba.

A gaida kowa.
'Yarka, Kalondu

Nairobi, 8 ga Yuli

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Goggo, na dawo lafiya. Na san labari ya riga ni zuwa Kibwezi, don haka ga yadda abin yake daga bakina.

Motar ta yi tafiya lafiya har inda kwalta ta ƙare. A burji madubin gefen direba ya kwance, yana ta lilo. Na tsaya na buɗe jakar kayan hawa, na ɗauko guntun tsohuwar ɗamara irin wadda muke maƙalawa a dutse, na ɗaure shi tam. Mu da wannan muke gyara komai, daga takalmi har ƙofa. Ja ne. Bakinsa biyu suna kaɗawa a iska. Na duba ƙullin sau biyu na yaba wa kaina, amma launin ko a raina. Kai da ka sha ganin jan ƙyalle a madubin motocin rakiyar gawa, ka riga ka gane. Saboda ramuka kuma na shiga ƙauyen a hankali, labule a rufe don rana.

Abin da ban sani ba, tun safe kawun Ndolo ya kai shi asibiti a Kitui don duba bayansa, an ce za su dawo kafin azahar, ba su dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Maman Ndolo tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ga doguwar mota mai labule da jan ƙyalle ta shigo a hankali, ta ga na fito ni kaɗai. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye faifan, ta sauka daga kujera ta zauna a ƙasa. Matan maƙwabta ne suka fara kuka, tun daga bakin hanya suke biye da ni ban lura ba. Wani dattijo ya ce ya san motar nan ko da wane fenti, ita ta kawo ƙanensa bara.

Na ruga na buɗe baya don su ga babu kowa. Suka ga gado da farin zanin gado a shimfiɗe. Sai da na rantse sau uku cewa ban ma ga Ndolo ba tukuna. Da ta gane, Mama ta tashi ta kaɗe zaninta, ta dube ni ta ce, "Kalondu, sau ɗaya kin kawo mini shi a kwance. Yanzu kuma kin zo da abin ɗauka?" Na kwance ɗamarar na sa a aljihu, na tsaya a rana.

Wajen ƙarfe uku suka dawo, layin asibiti ne ya riƙe su. Ndolo ya sauko ya tarar da rabin ƙauye a gidansu, wasu har da jajayen idanu. Kawunsa ya ce masa ya yi sauri ya gaisa da masu ta'aziyyarsa kafin shayi ya huce. Da aka ba shi labari bai yi dariya ba. Ya zagaya motar da sandarsa, ya bugi tayoyi, ya tambayi wa ya duba injin. Daga nan ya zauna a bakin gadon, ya jingine sandar, ya ja jiki ya miƙe. Ya daɗe yana kallon rufi. Sai ya ce tagar nan dole a sa ta riƙa buɗewa, shi ba ya barci ba iska, kuma igiyoyi a koma da su hagu don ta dama zai riƙa sauka.

Mama ba ta yi mini magana ba sai washegari bayan coci. Ta zo da fasto ya yi addu'a a kan motar, ciki da waje. Sannan ta kafa nata sharaɗin. Ta ce motar nan kai mutane ta saba, ba ta saba dawo da su ba, don haka sai an koya mata. In fita da ɗanta, in dawo mata da shi ƙofar gida kafin rana ta faɗi, a zaune a gaba.

Muka tafi dutsen Nzambani, ba nisa. Ba mu hau ba. Muka zauna a inuwar motar muka ci masara da waken da ta zuba mana a kwano. A nan na ce masa ban ƙulla kan igiyar ba. Ya ce ya sani, shi ma yana da idanu ranar. Ya ce abin da ya hana shi magana wata biyar ba fushi ba ne, tsoron kallon sama yake ji, kuma bai san yadda zai gaya mini ba. Ya ɗaga kai ya kalli dutsen na ɗan lokaci, ya ce da sauƙi, amma ba sosai ba.

Ƙarfe biyar muka shiga gida. Mama tana zaune a bakin ƙofa. Ta jira ya sauko da ƙafarsa, sannan ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta kuma tambaye ni cokalin sukari nawa nake so.

Ndolo zai dawo Nairobi ƙarshen wata. Ya ce bana ba zai hau ba, wataƙila har baɗi. Amma ya ce in shirya kayana don Ololokwe a watan Satumba, shi zai tsaya a ƙasa ya riƙe mini igiya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
'Yarka, Kalondu