Kogin Yelwa a Tsakar Gida

Jimeta,
12 ga Oktoba, 1971.

Zuwa ga ƙanena Bobboyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Kellumi da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka aikin ofis a can Maiduguri. Mu nan lafiya lau. Maigidana Jalo yana nan yana fama da keken ɗinkinsa, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har ta je Mbamba ganin gona. Kogin Binuwai ya cika bana ƙwarai, sai yanzu ya fara ja da baya.

Takardarka ta iso. Na karanta ta sau uku, na farkon cikin fushi. Ka ce an gaya maka Yelwa ta shekara tara ba ta zuwa boko, sai yawon bakin kogi, don haka za ka zo ka ɗauke ta kafin Janairu. Na yi dariya daga baya, don na tuna wanda nake ja zuwa elementare yana kuka yana riƙe ƙyauren gida. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da aka yaye ta kai ka ɗora mini ita a cinya, ka ce tunda Allah bai ba ni nawa ba, ga tawa.

Ba wai ban kai ta bokon ba ne. Na kai ta, ta yi wata biyu. Yarinyar da ba ta barin kunnena ya huta sai ta dawo shiru, ashe an hana ta tambaya a aji. Na cire ta, na bar mata allonta na safe, sauran yinin kuwa na bar shi a hannunta. Dabarata ɗaya ce. In ta tambayi abin da ban sani ba, ba na yi mata ƙarya, sai in ɗauki mayafi in ce mu je wurin wanda ya sani. Haka muka je wurin maƙeri, da matan da ke gina tukwane, da masu saƙar tarun kamun kifi. Baƙaƙen boko kuwa a jikin jiragen ruwa ta fara ganinsu, ta matsa sai na koya mata ɗan abin da na samo a ajin yaƙi da jahilci. Yanzu ita ke gyara mini karatu.

Da za ka shigo gidan nan, da ka ga kogi a tsakar gida. Ta haƙa shi da ƙasa da yumɓu, tun daga gindin mangwaro har bakin zaure. Wani mai tuƙa kwalekwale, Apollos, shi ya lissafa mata garuruwa, ta aza dutse ga kowane: Garwa, Jimeta, Numan, Ibi, Makurɗi, Lokoja. Kowace safiya sai ta zuba ruwa buta ɗaya daga wajen Garwa, ta saki ɓawon gyaɗa a kai, ta bi shi da rarrafe tana yi masa magana. Jalo ya taɓa taka Numan da takalmi, ya kwana biyu yana ba da haƙuri. Ni kuwa nakan ajiye tsintsiya in tsaya kallo, sai in ji kamar ni ce a cikin ɓawon, ina wuce garuruwan da ban taɓa gani ba, iska tana kaɗa mini mayafi. Wani lokaci har tuwo ya kama ban sani ba.

Da farko na yi niyyar in rubuta maka cewa ba ka isa ba. To, sai ga abin da ya faru. Makon jiya ɓawonta ya kai bakin zaure, ta tambaye ni ina ruwan ke zuwa bayan Lokoja. Muka je wurin Apollos, ya ce teku, amma bai taɓa gani ba. Ta tambaya me ya sa teku ba ta cika, ruwa yana ta zuba mata tun da aka yi duniya. Muka zaga duk wanda na sani a Jimeta har cikin Yola, kowa ya ce ikon Allah ne. Ta ce ta sani, amma ta yaya? A hanyar dawowa ta riƙe hannuna ta tambaya, wai a makarantar da babanta ke faɗa ko akwai wanda ya sani. Na ce watakila. Sai ta ce to mu je mana, yadda muka saba. Ta ɗauka tare za mu, kuma da yamma za mu dawo.

Bobboyi, ni na koya mata haka, ba ni da bakin hana ta. Ka zo ka ɗauke ta, amma ka sani ba takardarka ce ta karɓe ta ba. Abu biyu nake roƙo. Ka nemo mata malamin da tambaya ba ta ba shi haushi. Kuma in ta haƙa muku tsakar gida, ka ce wa Kellumi ta yi haƙuri, kada a share.

Ka gaida Kellumi, da Laminu, da 'yar auta Zainaba. Inna da Jalo suna gaishe ku. Ni kuwa na riga na koyi daidai yawan ruwan da take zubawa a Garwa, don ta ce kada kogin ya ƙafe kafin mu dawo, ban kuma gaya mata tukuna cewa ni zan tsaya in kula da shi ba.

Ni ce yayarka,
Adda Fadimatu.